Karkatacciyar Bindigar Amani

Ni dai tun da aka kawo ni gidan nan ban ga amfanin bindiga ba, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Maigidana, wanda duk Dakoro ke ce wa Jimrau Maƙeri, hauya da lauje da gatari yake ƙerawa, da su muke ci muke sha. Amma in ka ga fuskarsa ta washe, to bindigar toka ce a cinyarsa, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. A shekara bai fi ya ƙera ɗaya ba, ita ma sai ga mutumin da ya san uban da ya haife shi, mai takardar izini a aljihu. Sauran duk gyara ne, wannan kunamarsa ta yi tauri, wancan ƙotarsa ta tsage. Masu bindigogin kuwa tsofaffi ne su goma sha ɗaya, kuma ba wanda ya kashe ko zomo a cikinsu shekara goma ke nan. Naman daji ya ƙare, ɗan da ya saura hukuma ta hana taɓawa. Abin da ya rage musu shi ne shafa wa ƙarfe mai da gardama a ƙofar maƙerarmu.

Sau ɗaya a shekara, in an gama ɗaurin gero, sukan fita wani fako a hanyar Birnin Lalle su yi harbin tukunya. A rataye tsohuwar tukunya a reshen aduwa, a ƙirga taku sittin, kowa harbi biyu. Wanda ya fasa a harbin farko shi ke ɗaukar kan ragon da aka yanka. Duk wahalar nan saboda kan rago, wanda ni ce ma nake babbake shi.

Da zamani ya lalace, sai shugabansu Mainassara ya riƙa zuwa neman izini kafin ranar, ana ba su bisa sharaɗin kada a ga bindiga a fili cikin gari. To ranar nan ka zo ka sha kallo. Wani ya naɗe tasa a tabarma ya saɓa, wani ya cusa cikin babbar riga, gindin a hammata, bakin yana dukan idon sawu, yana tafiya ƙafa ɗaya a sandare. Kowannensu gani yake ba wanda ya gane. Mai tallar ƙosai ma ta san ta wane ce a wace riga.

Suna da doka ɗaya da suka gada, kuma ita kaɗai ce nake ganin ta masu hankali ce. Duk wanda ya kuskure tukunya shekara uku a jere, zai miƙa bindigarsa ga magajinsa, ya koma gefe cikin 'yan kallo. Mainassara yakan ce wanda bai ga tukunya ba, wata rana ba zai ga mutum ba.

Amani Buzu, aminin Maigida, ya kuskure bara, ya kuskure bara waccan. Mutumin da shekara ashirin kan rago bai san hanyar wani gida ba sai nasa. Dillalin raƙuma ne, dogo, siriri, kullum fuska a naɗe cikin rawani, girman kai kuwa ya fi shi tsawo. Kun san tsakanin Buzu da maƙeri wasa ne, to su biyun nan sun mai da shi sana'a. Shekara arba'in kullum la'asar yana zuwa da butar shayinsa da gawayinmu da yake sata, shi ya ce wa Maigida baƙin tukunya, Maigida ya ce masa kara da rawani. Ranar da bai zo ba Maigida ba ya cin tuwon kirki. Ni kaina, duk da yakan ce miyata gishirin Bilma duka a ciki yake, ina son mutumin nan kamar ɗan uwana na jini.

Da ya kuskure na biyu, sai ya ɗora wa bindiga laifi. Ya bi gari yana cewa maƙerinsa ya tsufa, ya ba shi bindiga mai harbin gefe, shi kuwa idonsa ko allura ce a cikin yashi zai tsinto. Da aka fara yankan gero bana, ya zo ya dire tsohuwar a gaban Maigida ya ce a ƙera masa sabuwa, in kuwa ta sake ba shi kunya to maƙeri ya kuka da kansa. Maigida ya juya ta, ya runtse ido ya leƙa bakinta, ya ga ba abin da ya same ta. Ya jingine ta a kusurwar maƙera.

Ni na fara ganewa, kuma ina so a san haka, don maza ba sa ba mace ladan abin da ta gani. Na fito kai musu ruwa, Amani yana zuba shayi. Buzu kuwa daga sama yake zubawa, ya ɗaga buta har kusan kafaɗa, kuma tunda nake ban taɓa ganin ɗigo ɗaya ya faɗi ƙasa a hannunsa ba. Ran nan sai na ga shayin ya sauka gefen finjali, a kan faranti. Ya yi maza ya matsa hannu, ya ɗan karkata kai zuwa dama, sannan ya samu. Ya ce iska ce. Ko ganye ba ya motsi a ranar.

Da ya tafi na ce wa Maigida idon Amani na dama ya tafi. Ya ɗago ya harare ni, ya ce in je in ji da tukunyata, mene ne haɗina da idon namiji. Daga hararar na san shi ma zuciyarsa ta raya masa, so yake kawai kada ya ji a bakin wani.

Maigida ba ya ƙera wa mutum bindiga sai ya auna shi, kamar yadda tela ke yi. Yakan ɗauki igiya daga gwiwar hannu zuwa yatsa, sannan ya ba mutum karan gero miƙaƙƙe ya ce ya ɗora a kafaɗa ya nufo shi da shi. Shi kuma ya tsaya a ɗaya bakin karan yana kallon idon mai riƙon, don ya ga yadda kafaɗa da kunci da ido suke zama. Amani ya yi ta mita, wai shekara arba'in maƙeri bai haddace jikinsa ba, amma ya karɓi karan. Ina leƙensu ta kafar zana. Ya ɗora a kafaɗar dama yadda ya saba, sai na ga yana tura wuya, yana kwantar da kai bisa karan a hankali, yana neman kawo idon hagu kan layi ba tare da an lura ba. Kan karan kuwa yana nuna can wajen turken akuya. Maigida ya daɗe tsaye a gabansa. Daga baya ya karɓe karan ya karya a gwiwa, ya ce an gama, Buzu ya tafi ya ba mutane wuri.

Bayan ya tafi Maigida ya zauna kan uwar maƙera, wadda ya hana kowa zama a kai, hannu biyu a gwiwa. Na ce to ya faɗa masa gaskiya mana, a kai shi Maradi likita ya duba. Ya ce ban san Amani ba. Mutumin da ko ciwon haƙori ba ya yarda an san yana yi, ranar da aka ce masa ga lalurarsa an gani, ranar zai naɗe tabarmarsa, ba fako ba, ba maƙera ba, sai dai a ji labarinsa daga rugar 'yan uwansa. Na ce to ya koya masa harbi da kafaɗar hagu. Ya ce kafaɗar da ta shekara hamsin tana aiki ɗaya ba a sake mata aiki a wata guda, kuma duk wanda ya gan shi ya juya hannu zai san dalili.

"To mi za ka yi?" na tambaye shi.

"Ƙira za ni yi, Kadija. Ita ɗai na iya."

Kashegari ya hau jaki ya yi dajin wajen garin Rumbu. Kwana uku yana fita da safe ya dawo da yamma hannu wofi, ga hauyoyin mutane jibge ba a taɓa ba. Rana ta huɗu ya dawo da wani reshen aduwa da ko itacen girki ba zan karɓe shi ba, karkatacce, ya tafi ya lanƙwashe ya sake miƙewa. Yana rungume da shi yana murmushi. Na ce in wannan ne abin da aka kwana uku ana nema, da ya tambaye ni, akwai irinsa a bayan ɗaki.

Daga nan ya yagi ƙyallen tsohon zanena ya ɗaure idonsa na dama. Haka ya yi sati uku. Da ido ɗaya yake sassaƙa da gizago, ya ɗora a kafaɗar dama, ya duba ko layin ya zo daidai idon hagu, ya sauke, ya ƙara fiƙewa, ya sake ɗorawa. Ya yi tuntuɓe da zugazugi, ya zubar mini da ƙullu, ya sari babban yatsansa har sai da aka ɗaure. Masu zuwa karɓar aiki suka yi ta yi masa sannu, yana cewa tartsatsi ne ya faɗa masa. In la'asar ta yi sai ya kwance ƙyallen, ya tura aikin ƙarƙashin gadona, ya fito ya zauna yana zagin Amani kamar ba komai. Duk lokacin da Amani ya ce a nuna masa, sai ya ce ba a nuna wa Buzu aiki rabi, kada ya yi masa baki. Tsohuwar bindigar kuwa tuni ya kwance ta ya cire kunamarta ya sa a sabuwar, da gangan, don kada Amani ya sami abin komawa.

Na gaya masa gaskiyata. Na ce duk wanda ya ga wannan abu zai ce hannunsa ya mutu, sunan da ya shekara arba'in yana ginawa a rana ɗaya zai zube, kuma mutumin da yake yi dominsa shi ne zai fara yi masa dariya. Ya ce ya sani. Na ji haushinsa ƙwarai, kuma a cikin haushin nan na ji ina sonsa fiye da ranar da aka kawo ni.

Ranar harbi muka fita da hantsi a amalanke, ni da tukwanena da ƙwaryar fura, shi da tabarmarsa a naɗe a kan cinya. Mun tarar an yanka rago, an rataye tukunya, tsofaffin suna ta zaro bindigogi daga riguna. Amani yana tsaye gefe hannu wofi, ya sha sabon rawani. Maigida ya je ya ajiye tabarmar a gabansa ya warware.

Nan take Mamani, wani mai faɗin baki da ke sayar da fata, ya ce wannan ai ƙafar kare ce ta baya. Dariya ta ɓarke. Har Mainassara da ba ya dariya sai da ya rufe baki da gefen riga. Ƙarfen dai lafiya lau, yana ƙyalli, amma ƙotar daga wajen kunama ta goce ta yi dama, kamar an taka ta tana ɗanya. Wani ya ce da ita sai ka harbi wanda ke bayan rumbu kana gaban rumbu.

Amani bai yi dariya ba. Idanunsa kawai ake gani ta rawanin, kuma na ga ransa ya ɓaci ba irin na wasa ba.

"Maƙeri, yau ranata ta ukku, ka sani. Shekara arba'in ina cin tuwon gidanka, abin ga za ka yi mani?"

"Hannuna ya goce," in ji Maigida. "Tsuhwa ne. Babu wata, sai ka yi haƙuri ka halba hakanan."

Ina durƙushe gaban murhu da muciya a hannu, wallahi saura kaɗan in tashi in fasa ƙwan kowa ya huta. Maigida ya waiwayo ya dube ni sau ɗaya. Na koma na zauna, ina tuƙa abin da bai buƙatar tuƙi.

Al'ada ce maƙeri shi ke fara harba abin da ya ƙera a gaban mai shi, don in za ta fashe ta fashe a hannunsa. Ya ɗura, ya juya wajen tudun yashi ya saki. Ta yi ƙara mai kyau, hayaƙi ya tashi, ba abin da ya motsa a jikinta. Ya sake ɗurawa ya miƙa wa Amani. Sai da mutum shida suka yi nasu, biyu suka samu a harbi na biyu, aka sake rataye wata tukunyar, sannan Mainassara ya kira Amani.

Ya tako kan layi yana riƙe da ita nesa da jikinsa. Ya ɗaga ya ɗora a kafaɗar dama a fusace, ya kai kunci. Sai ya tsaya cak. Ni da na san abin da nake kallo na ga bai tura wuya ba, bai kwantar da kai ba, kansa a miƙe yake kamar shekarun baya, bakin bindigar kuwa ya zo ya zauna daidai idonsa na hagu. Ya daɗe a haka har Mamani ya ce ko barci ya ɗauke shi. Ya sauke ta a hankali, ya juya ya dubi Maigida. Maigida ya duƙa yana neman wata ƙaya da babu ita a takalminsa.

Ya sake ɗorawa, ya ja kunama. Tukunyar ta tarwatse, wuyanta kaɗai ya rage yana lilo a igiya.

Tsofaffin nan suka rufe shi da kirari. Aka ce Buzu ko muciya ka ba shi sai ya fasa tukunya, aka ce gwani gwani ne ko da kayan banza. Mamani ya ce shi dai daga yau garin Sabon Maci zai riƙa kai tasa gyara, tun kafin a mayar masa da ita lauje. Maigida yana ta dariya tare da su, yana cewa ai ya faɗa musu tsufa ne. Dariyar ta gaske ce, ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin wannan ba. Ni kuwa hayaƙin murhu na bari ya ɗauki laifin idona.

Da abin ya tsaya a nan, da shi ke nan. Amani ya tsira da bindigarsa da kan ragonsa da asirinsa, ba wanda zai taɓa sani. Amma sai ya ɗaga hannu ya ce a saurara. Ya sa yatsa ya ja rawaninsa ƙasa har haɓa, abin da ban taɓa ganin ya yi a cikin mutane ba. Ya sa tafin hannu ya rufe idonsa na hagu, ya juyo ya fuskance su.

"Yanzu haka ba ni ganin kowa cikinku," ya ce. "Shekara biyu ke nan wanga ido ya mutu. Tsohuwar bindiga lahiyatta lau, ƙarya na yi mata, na yi ma mai ita. Wagga kau ba gocewa ta yi ba. Ni aka auna."

Ya juya wajen Mainassara ya miƙa masa bindigar da hannu biyu, ya ce ga ta nan, in doka ta ce mai ido ɗaya ya koma gefe, zai koma.

Maigida ne ya fara magana, kuma da faɗa. Ya ce wa ya tambaye shi. Ya ce sati uku yana yawo da tsumma a ido, ya sare yatsa, ya sha zagin matarsa, duk don Buzu ya rufe bakinsa, shi ne zai zo ya buɗe a gaban masu fata. Yana faɗa yana nuna shi da yatsan nan mai ɗauri. Amani ya bar shi ya gama, sannan ya ce ai in za a zagi maƙerinsa, shi kaɗai ke da wannan izini, bai ba Mamani aro ba.

Mainassara ya karɓi bindigar, ya ɗora a kafaɗarsa, ya runtse idon dama, ya ɗan jima. Ya sauke yana girgiza kai. Ya ce dokar da ya gada tukunya take ƙirgawa, ba idanu ba, tukunya kuwa ga ta can a ƙasa. Ya mayar wa Amani. Sai dai ya ce sati mai zuwa zai sa shi a mota da kansa zuwa Maradi wajen likita, ko yana so ko ba ya so. Daga nan bindigar ta bi hannu hannu, kowa ya ɗora ya runtse ido ya ce ikon Allah. Mamani ya zo yana sosa ƙeya yana cewa shi fa wasa yake. Da aka zo rabon fura na ba shi ta ƙasan ƙwarya.

Da yamma muka kamo hanyar gida, jaki yana jan mu a hankali. Amani yana can gaba kan raƙuminsa, bindigar a naɗe cikin tabarmarmu, wadda na san ba za ta dawo ba. Maigida ya ɗaure fuska har muka hango gari. Na ɗauka fushin ne bai huce ba, sai na ce to ai ya kamata ya yi murna, suna ya dawo, amini ya tsira.

Ya ce lokacin da ya tsaya a bakin karan geron nan, ba idon dama kaɗai ya duba ba. Na hagun ma ya fara. In an yi sa'a shekara biyu, in likita ya taimaka wataƙila uku.

Na dubi dogon mutumin can yana rangaji a kan raƙumi, bai san ana maganarsa ba. Na ce to in wannan ma ya tafi fa, wane irin ice zai je nema.

Ya ɗan taɓa jakin da sanda.

"Babu icen wannan," ya ce. "In tsaya kusa da shi in riƙe mishi bakin. Shi ya ja kunama."